Neman Gafara Ana Shuka

Shekarata ta huɗu ke nan ina majo a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, da ke bayan Buza, gefen hanyar da ke bi ta Karofane, lokacin da wannan abu ya faru. Majo dai ita ce shugabar likita, amma kada sunan ya ruɗi kowa, don mu uku ne duka-duka: ni, da wata tsohuwar ungozoma da ta girmi ginin kansa, sai mai gadi wanda rabin yininsa a gona yake yin sa. Ni ƴar Madawa ce, kuma tun ina lakwal, wato makaranta, an san ni da saurin hannu da saurin baki. Ran kasuwa layi kan kai har bakin ƙofar waje, amma kafin azahar na sallami kowa. A lokacin alfahari nake yi da cewa kafin mutum ya gama gaisuwa na riga na san abin da ke damunsa, har na fara rubuta magani.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani dattijo maginin rumbu. Duk manyan rumbunan lakar nan na garin, masu ciki kamar tulu, da wuya ka nuna biyar babu uku na hannunsa. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk kaushi. Baba nake ce masa, shi kuwa wani lokaci ya ce Majo, wani lokaci ya ce ɗiyata.

Ya fara zuwa ne bayan an gama girbi. Zai zauna bakin benci, ya ɗora hannuwa kan gwiwa, ya ce, "Majo, zahi na."

"Ina kake jin shi, Baba?"

"Ko'ina. Baya, ƙirji, kai. Kwana ba shi zowa, in ya zo ba shi daɗewa. Tuwo kuwa kamar ƙasa nika taunawa."

Na gwada jininsa, babu masassarar sauro. Na auna tansiyo ko akwai hawan jini, ta fi tawa kyau. Na saurari ƙirji, na danna ciki, ban sami komai ba. Sai na ba shi parasitamol da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi, na ce tsufa ne ya fara sallama. Bayan mako biyu ya dawo da maganar nan ɗai, ni ma na ba shi maganin nan ɗai. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce, zafi ya shigo.

Na san matarsa ta rasu a kakar nan, don na je gaisuwa. Na san ƴaƴansa maza biyu suna biɗa, wato ci-rani, ɗaya a Abijan, ɗaya a Libiya, kuma matar babban ce ke dafa masa. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, suruka ba ta zama gaban surukinta. Za ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta juya, in an jima ta zo ta ɗauka ba komai ciki, ba ta san awaki ne suka cinye ba. Abokansa na majalisa kuwa zolayarsa suke yi, suna cewa ai faɗuwa ta zo daidai da zama, sai ya nemo sabuwa mai jini a jika. Shi kuma ya yi murmushi ya ce Allah shi kai mu. Ranin nan duka bai gina rumbu ko ɗaya ba, aka ce ciwon baya ne. Ni ce ma na fara faɗar haka.

Abin kunyar shi ne, a tsakiyar wannan lokaci an kira mu Tawa formasiyo, wato horon ƙarin sani, na mako guda kan lafiyar hankali. Na tafi ina ganin na san zancen: mahaukaci da mari a ƙafa, mai farfaɗiya, matar da ta haihu hankalinta ya gushe. Sai lokotoron, wato doktan, da ke koyar da mu ya kwashe kwana biyu cur kan abin da ya kira ciwon damuwa. Ya ce a ƙasarmu wannan ciwo ba ya zuwa likita da sunansa, da rigar wani yake zuwa: ciwon baya, zafin jiki, rashin barci, rashin ɗanɗano. Ya ce mu lura da wanda ya daina aikin da yake so, da wanda ke farkawa tun kafin kiran sallar farko ya kasa komawa. Ya ce mu fi jin tsoron wanda ya daɗe cikin ƙunci sai rana ɗaya aka ga ya sake, yana rabon kayansa, yana sallama da mutane. Sannan ya ce in muka yi zargi, mu tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa.

A nan na ɗaga hannu, don ban iya jin magana in bar ta ta wuce. Na ce wannan a littafin Turawa ne. A yankinmu na Adar wa zai dubi musulmi, babba, ya yi masa wannan tambaya? Baki shi ke yanka wuya, in mutum ba shi da tunanin ai ka ba shi, in kuma yana da shi ka tunzura shi. Ƴan ajin suka goyi bayana. Lokotoron bai yi gardama da ni ba. Ya ce tambaya ba ta sa wa mutum abin da ba shi da shi, wanda kuma yake ɗauke da shi, yawanci jira yake wani ya taya shi saukewa. Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, don kada a ce ban rubuta ba, amma a raina ban yarda ba.

Na dawo gida da kayena cike, kuma ko sau ɗaya Baba bai faɗo mini a rai ba. A tunanina ciwon damuwa na ƴan mata ne da matasan da suka dawo biɗa hannu wofi. Dattijo mai carbi da tabon salla a goshi, wanda ko ran jana'izar matarsa ba a ga hawayensa ba, ban sa shi cikin lissafin ba.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Lahadi. Ran Talata da hantsi ina cike babban kaye, likita ba kowa don duk gari ya watse gona, sai na ji sallamarsa. Ya yi aski, ya sa farar riga wankakkiya, fuskar nan da ta yi wata da watanni a ɗaure ta sake. Yana riƙe da ƴar ƙwarya, ƙwan zabi a ciki.

"Yau ba ciwo ya kawo ni ba, ɗiyata," in ji shi. "Tahiya ta kama ni. Na zo biɗar gahwara. Na wahalshe ki da yawa, ki yahe mini."

Wanda bai san Adar ba sai an gaya masa cewa wannan magana a wurinmu kusan gaisuwa ce. Garin da babu gidan da ba shi da mutum a waje, kowace shekara in an kai amfanin gona gida sai ka ga maza suna bin ƙofa-ƙofa suna neman gafara kafin su hau mota. Mai zuwa hajji ya nema, mai shiga azumi ya nema, matar da wata ya kama ta nema. Amsar ma a bakin kowa take, ba sai an yi tunani ba. Ni ma ko kai ban ɗaga sosai daga kaye ba.

"Ba ka yi mini komi ba, Baba. Na yahe, Allah shi yahe muna baki ɗai. Allah shi kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya ajiye ƙwaryar, ya fita. Har daɗi na ji. Na ce a raina to, ƙwayoyin ƙarin ƙarfina sun yi aiki, ga shi har ya sami kuzarin tafiya.

Da rana muna cin dambu da ungozoma a inuwar baranda, ta ga ƙwaryar ta tambayi inda ta fito. Da na gaya mata sai ta ce, "Ke ma ya zo gare ki? Tun jiya shika yawon gari. Ya je ga liman, ya je ga mai gari. Tsaninai na gini ya ba wani, bargonai ya ba wani. Har irinai na hatsi ya kwashe ya ba maƙwabci, wai shi ba shi shuka bana. Halama wurin ɗiyanai za shi."

Na dubi hanya. Tun safe motoci ke wucewa, kowace shaƙe da ƴan biɗa masu dawowa, da buhuna da katifu ɗaure a sama, kowa na sauri ya tarar da danshi. Duk masu tafiya shigowa suke yi, babu mai fita. Na ce mata, "Inna, tun da kike, kin taɓa ganin wanda ya tahi biɗa ana shuka?"

Ta tsaya da lomarta a hannu. Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a aiki ba, ko ran da mace ta haihu a hannuna jini ya ƙi tsayawa. Can na san abin da zan yi da hannuna, nan kuwa magana ce kawai, kuma maganar da na rantse a gaban aji ba ta faɗuwa. Na bar wa ungozoma likita. Na tuɓe farar rigar aiki na yafa mayafi, don in aka ga majo da farar riga ta shiga gida tsakar rana, kafin in zauna rabin unguwa ya taru. Ban hau moto ba, wato babur, saboda ƙara. Da ƙafa na tafi, ina tafe ina shirya magana, kuma duk wadda na shirya sai in ji ba ta dace da bakin ɗiya zuwa ga uba ba.

Na same shi shi kaɗai, surukar tana gona da yaranta. Ya share tsakar gidan tas, ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbunsa, yana zaune da carbi. Da ya gan ni bai yi mamaki sosai ba, ya dai ce ko na manta wani abu ne. Na zauna a ƙasa gefen tabarmar, ba gabansa ba, don kada ya zama kamar ina tuhumarsa. Muka sake gaisawa kamar ba mu haɗu da safe ba. Na yaba rumbun, ya ce shekararsa goma sha bai tsage ba.

"Baba, tahiyar nan, ina za ka?"

"Tahiya dai."

"Abijan ko Libiya?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ni da ba na iya shiru, ran nan na cije. Na ƙirga kajin da ke tono a gindin danga, na ƙirga su kuma. Da na ga shirun ba zai kai mu ko'ina ba, na ce, "Baba, ni ɗiyarka ta, kuma abin da za ni tambaya ya hi ƙarhin bakina. Amma aikina na, in ban tambaya ba na ci amana. Kana tunanin kashe kanka?"

Na jira ya kore ni, ko ya ce a'uzu billahi ya juya mini baya. Bai yi ko ɗaya ba. Carbin ya tsaya a hannunsa, sannan ya ce a hankali, "Wa ya hwaɗa miki?"

"Kai na. Manomi ba shi ba da iri ruwa na ƙasa."

Sai ya fara magana, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya ce tun da matarsa ta rasu yake farkawa gari bai waye ba, ya kwanta yana kallon rufi, tunani ɗaya na zagaya shi. Ya ce shekara talatin da wani abu ita ke kwaɓa masa laka in yana gini, ita ta san daidai ruwan da yake so, yanzu ko ya taɓa laka ba ya jin komai. Ya ce ya zama kaya, ɗiyar mutane na wahala da shi, ƴaƴansa na can suna shan rana saboda bakinsa, in babu shi kowa ya huta. Ya ce ya yi addu'a har goshinsa ya yi ciwo, tunanin bai tafi ba, sai ya ɗauka Allah ma ya juya masa baya.

"Mi ya hana ka hwaɗi, Baba? Wata nawa kana zowa wurina."

"Ke kina sauri," in ji shi, ba da faɗa ba. "Sauran kuwa, in na hwaɗa ma mutum, aya za shi jawo mini. Ni ma na san ayar, ɗiyata. Sanin ta na ya sa ban iya hwaɗi."

Maganar saurin ta shige ni, amma ba lokacin jin ciwona ba ne. Na haɗiye wa'azin da ke kan harshena, don ni ma aya na kusa jawowa. Na ce masa abin da yake ji ciwo ne, yana da suna, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne, kamar yadda hawan jini ba raunin imani ba ne. Na ce ciwon ne ke gaya masa ya zama kaya, kuma ciwon maƙaryaci ne. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, don an ce masa haka sau dubu. Sannan na yi sauran tambayoyin da aka koya mana, waɗanda suka fi ta farko nauyi: ko ya sa rana, ko ya tanadi wani abu. Ya ce gobe, in an fita gona. Hannunsa ya kai aljihu ya tsaya. Ashe da ya ba maƙwabci iri, bai haɗa masa da ƙullin maganin ƙwarin da ake cuɗa iri da shi ba.

Na miƙa hannu na ce ya ba ni ajiya. Ban kai hannu aljihunsa ba, dattijo ne, kuma abin da aka ƙwace da ƙarfi gobe ana iya sayen wani a kasuwa. Ya ƙi motsi. Ya ce ya riga ya sallami kowa, kowa ya yafe masa, da wane ido zai sake kallon gari.

Abin da na faɗa bayan wannan ba ya cikin kayen Tawa, kuma ba na koya wa kowa shi. Bakina ne kawai ya riga ni. Na ce, "Ba kowa ba. Gahwarar da na yi maka da sahe, ban san ko ta mi ce ba, na maido abata. Ban yahe ba, Baba."

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko. "Ana maida gahwara?"

"Yau an hwara. In kana son ta, ka zo likita ran kasuwa ka biɗa."

Wani abu mai kama da dariya ya fito masa ta hanci. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗiya marar kunya irin ƴar Madawan nan ba. Sannan ya zaro ƙullin ya ajiye kan tabarma tsakaninmu, na ɗauka na ɗaure a bakin zanena. Na rufe shi da mayafi.

Na gaya masa gaskiya cewa ba zan bar shi shi kaɗai ba, kuma wannan magana ta fi ƙarfin mu biyu, dole wani nasa ya sani. Na ce shi zai zaɓa. Ya ce ba surukarsa ba, ba ƴaƴansa ba, ba liman ba tukuna. Da ƙyar ya ce yayarsa. Gida uku ne tsakaninsu, tare muka taka. Tsohuwa ce ƴar ƙarama mai sayar da daddawa, idonta ɗaya ya yi hazo. Na ce ta sallami jikokinta, sannan shi da bakinsa ya faɗa mata, ni na cika inda ya kasa. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Tun kana goye nika hwama da kai, ashe ban gama ba." Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki butarta, ta ce daga yau a gidansa take kwana. Kafin la'asar ta bi gidan ta kwashe duk wani maganin gona da igiya ta kai nata ɗakin ta kulle.

Washegari mu uku muka tafi Buza wurin lokotoro, wanda na riga na yi wa talho, wato waya. Ya zauna da Baba ya daɗe, ya rubuta magani, ya kuma ja mana kunne kan abu biyu. Na farko, maganin ba parasitamol ba ne, sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma makonnin nan su ne masu haɗari. Na biyu, kada a ba Baba kwalin a hannu. Na mako guda kawai zan riƙa ba yayar, ita ta ba shi ƙwaya ɗaya kullum, ta ga ya haɗiye.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Ya ce maganin busar masa da baki kawai yake yi, ya ce mun mai da shi yaro, ko bayan gida ya tafi sai ya ji tarin yayarsa a bakin danga. Ita kuwa ko a jikinta. Ta je wurin maƙwabcin ta karɓo rabin irin, ta ce kyautar marar lafiya ba kyauta ba ce, ta tasa ƙanenta gaba zuwa gona. Ya yi layi biyu ya zauna, washegari ya yi uku. Shukarsa ta zo a makare, ta fi ta kowa gajarta a shekarar. Daga baya ya yarda a gaya wa liman, shi kuma Allah ya yi masa basira, bai zo da wa'azi ba. Yakan zo da la'asar da butar shayi, su zauna suna tuna rumbunan da aka gina tun suna samari.

Kowace ran kasuwa yakan zo likita. Na koyi barin sa sai ƙarshe, in layi ya ƙare, in rufe ƙofa, in ajiye bik, wato birona. Ajiye bik ɗin nan ya fi mini komai wuya, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Nakan tambayi barci, da abinci, da gona, sannan in yi tambayar nan kai tsaye, kowane mako, ba na tsallakewa. Wani mako ya ce tunanin na nan. Wani mako ya ce, "Shina zowa, amma ba shi zama." In zai tashi sai ya ce, "To, Majo, an yahe?" Ni kuma in ce, "Ba a yahe ba. Sai kasuwa mai zowa."

Wasa ne, mu biyu mun sani, amma wasan yana damuna. Dattijo ne, rai kuma ba a hannuna yake ba. Nakan ce in wani ciwo na daban ya ɗauke shi cikin makon fa, ya tafi yana ganin akwai wadda ta riƙe shi a zuciya? Saboda haka duk ran da ya fita, kafin ya kai ƙofar waje nakan faɗa a ɓoye cewa na yafe, Allah shaida, ko da yake ban san abin da ya yi mini ba.

Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, sai baki. Ran da ya shigo yana ƙorafin cewa daddawar yayarsa ta cika gishiri, na san mun haye wani tudu. Da ya ji sauƙi ya so ya bar magani, muka sha gardama, lokotoro ya ce sai an ƙara watanni, haka kuwa aka yi. Da rani ya gina rumbu biyu, surukarsa ce ta kwaɓa masa lakar, daga nesa, ba mai kallon wani. Ya ce ruwanta ya yi yawa, amma za ta koya. Zuwansa likita ya koma wata-wata. Ni kuma na sami kaina ina ajiye bik wa waɗansu: matar da kanta ke ciwo tun da aka yaye ɗanta, saurayin da ya dawo daga Libiya ba ya fita ɗaki. Layina ya daina ƙarewa kafin azahar, ungozoma ta ce tsufa ya kama majo.

Bayan kaka ta biyu, an kai hatsi gida, motoci sun fara kwasar maza, wata safiya na ji sallamarsa. Ya yi aski. Farar rigar nan ce a jikinsa, wankakkiya. Gabana ya faɗi, na ture kayen gefe na ce ya zauna.

"Tahiya ta kama ni," in ji shi. "Na zo biɗar gahwara."

"Ina za ka?"

"Abijan. Ƙaramin ya koma can wurin wansa, ya yi aure, an yi mai haihuwa. Sun ce in zo in ga takwarana."

"Yaushe za ka komo?"

"Kahin ruwa."

"Iri hwa?"

"Na zaɓi zangarniya da hannuna, na ɗaure, tana cikin rumbu. Yaya ta ce ko liman ya roƙa ba ta ba da ko tsaba ɗai."

Duk da haka na yi tambayar, da kalmominta, kamar ran farko. Ya dube ni cikin ido ya ce a'a, rabonsa da tunanin tun kafin azumi, kuma in ya dawo masa a can ya san bakin da zai faɗa wa, don ya riga ya gaya wa babban ɗansa komai ta talho. Na rubuta masa takarda zuwa ga lokotoron can ko da za a buƙata. Sannan na ce, "Na yahe, Baba. Duniya da lahira. Allah shi kai ka lahiya."

Ya ce amin, ya shafa fuska, ya yunƙura zai tashi. Na ce ya dakata, ni ma ina da roƙo. Na ce ya yafe mini.

"Ke ma tahiya gare ki?"

"A'a. Watannin nan da kana zowa kana hwaɗa mini, ni ina ba ka parasitamol ina kallon kaye. Su nika biɗar gahwara a kai."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hularsa, ya yi kamar yana nazari. Sannan ya ce, "Ban yahe ba. Sai na komo."

Ban taɓa jin daɗin a hana ni abu irin na ran nan ba. Na bi shi da kallo har ya fita ƙofar waje ya nufi tasha, sannan na share idona da bakin mayafi, na kira mai bi masa a layi.